Masan Alhaji Ya Kalli Alƙibla

Gwallameji, Bauchi.

Maman Khairat,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Argungu? Ni lafiya lau, sai dai mijinki ya tafka ta'asa.

Banɗakin da nake yi wa Alhaji, mai gidan da ya ba ni aiki, a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, ba rana. Na shimfiɗa bututu, na binne injin da zai tura ƙazanta sama, na zuba siminti, har na fara taƙama. Alhaji ya sauko, ya duba wayarsa, ya ce, "Malam Sabitu, masan nan alƙibla yake kallo." Ashe tun da na shiga ramin, Kano nake fuskanta in yi salla, na ɗauka can ne alƙibla.

Yanzu sai fasawa, a sake daga farko. Alhaji ya riƙe akwatin kayan aikina, ba inda zan je sai na gama. Kar ki damu, ina cin abinci, bayana ne kawai yake ɗan ƙorafi.

Saboda haka ba zan samu saukar karatun Khairat ba. Ke ki gaya mata, ni bakina ya yi nauyi. Allah ya yi mata albarka. In na dawo, ta zaunar da ni ta karanta mini tun daga farko. Ba zan yi gyangyaɗi ba.

Naki,
Sabitu