Ban Naɗe Madubin da Leda Ba

Zuwa ga Hajiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Kin san ban yi boko ba. Ina faɗa ne, Auta tana rubutawa, kuma na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Har yanzu ina ƙasar waje, a Cheras unguwar su Auta, a benen nan da kika ce ko shaho bai yi sheƙa a irinsa ba. Mun zo ganin jika, korona ta rufe hanya, ta ɗauke ki. An ce an sa ki cikin jakar leda an liƙe. An ce an yi miki salla. Ni ina killace a ɗaki.

Maganar madubina ce, na hangen nesa, wanda nake duban wata da shi tun kafin a haifi Auta. Ke kika ɗinke masa rigar jar fata, ɗinki a karkace, kina cewa in ya faɗi ya fashe wa zai gaya wa gari an sha ruwa.

Ni na cuce shi. Na ga fatar ta yi tauri, na shafe ta da man shanu yadda nake yi a gida. Ashe iskar ƙasar nan ruwa ce. Kwana huɗu ta yi funfuna, kore shar. Auta ta fesa mata maganin nan da take fesa wa komai, har tapau, abincin saye a ƙunshe da ake ajiyewa a bakin ƙofa. Fatar ta dare, ta saluɓe a hannuna. Ƙarfe tsirara, yana santsi.

Mijin Auta ya nuno mini salatif iri-iri a waya, wai a naɗe madubin. Akwai baƙi na masu wayarin, akwai mai zanen ganye na maharba. Na ce daji nawa ya gani a tagar nan. Auta kuwa leda take so, ta rufe abinci, wai ita ake iya gogewa a kashe cuta. Na ce ledar da ta ci uwarta ta isa. Ta yi kuka. Ga shi tana yi yanzu ma, amma ta rubuta.

Zanenki na ɗauko, shuɗin nan na zuwa asibiti da ba a bar ki kin ɗaura ba. Na tsaga bakinsa da haƙori, na naɗe madubin kamar rawani, na ƙulle da zaren fatar da ya rage. Zai sha gumi, ba ya goguwa, na sani. In na kai shi ido, turarenki nake ji.

Da wata nake ƙirga kwanakinki, Hajiya, don sadakar arba'in. Ban yarda kalanda ta ƙirga mini ke ba. Jiya da magariba na tsaya a taga har hannu ya sage. Hadari da benaye suka tare sama, ban ga wata ba. Auta da mijinta suka duba waya suka ce wata ya tsaya.

Shekara hamsin ban taɓa shaidar abin da ban gani ba, kin sani. Yanzu abu biyu ke nan aka ce in karɓa da ji kawai: jana'izarki da tsayuwar wata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa cutar ta zama kaffara, Ya nuna mini kabarinki kafin idon ya rufe.

Naki,
Sule Mai-Duban-Wata