Kyanwarki Ta Daina Zubar da Gashi

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Jos? Ya maigidanki, ya jikin Ummi? Mu nan Gwadangaji lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Labarin kyanwar da kika bar mana ne. Bayan tafiyarki gashinta ya riƙa zuba, ko'ina ka duba shi ne, har cikin furar Baba. Ranar ya ce a kai ta bayan gari a yar. Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya.

Kin san Inna da cewa kyanwar da ta ɗanɗana kifi ɓarauniya ce, don haka tuwon shinkafa da kunu kawai take ba ta. Da gashin ya fara zuba sai ta shafa mata man shanu, ita kuwa ta lashe abinta. Na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba, ya ce ba ciwon fata ba ne, abincin ne bai ishe ta ba, kyanwa sai da nama. Ya ce a dafa mata kifi ba gishiri ba albasa, a cire ƙaya.

Kawu Sani ya riƙa aiko mana tarwaɗa daga Argungu, muna dafa mata. Yanzu mako shida ke nan, jikinta sumul, har sheƙi yake. Baba bai sake maganar yar da ita ba. Tun da ta ƙoshi kuma ba ta sake leƙa tukunya ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da mutanen gidan. Inna tana gaishe ki, ga ta can zaune tana cire wa ɓarauniyar ƙaya.

Yayarki,
Hauwa