An Ɗauki Wasan Bappa Maccido Da Gaske

Illela, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Abdulrauf, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Haula da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya tsare ka a ƙasar mutane. Inna tana lafiya, ƙafar ce dai ba ta barinta zuwa nesa. Latifa ta sauka lafiya, an samu mace. Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar na turo maka, don in na kira ka kuka zai hana ni magana.

Ka san bana shekara arba'in da Baba, Allah Ya jiƙan shi, ya kafa ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo, wadda suke yi kyauta tsakiyar kasuwa. Ni na tara tsofaffin da suka rage, na ce a yi bikin tunawa. Makon farko ya yi kyau ƙwarai, an zo daga Amarawa da Darna, tsofaffi suna ba da labari, matasa suna ta ɗauka a waya. Sai muka ce ran Lahadi a maimaita wasan nan na mai kai wa ɓarayin shanu labari. Ka tuna yadda Baba ke yi: ba dandamali, ba sanarwa, ba kayan wasa. Kawai sai rigima ta tashi cikin kasuwa kamar gaske, mutane su taru, sai an kai ƙarshe a buga ganga a ce wasa ne. Malam Attahiru, abokin Baba, ya ce mini zamani ya sake, a fara shelanta da lasifika. Na ƙi. Na ce in ba yadda Baba ya yi ba, to mi muke tunawa? Bakina ne ya jawo, Yaya, wallahi ni ce.

Bappa Maccido ya fito a mai kai labarin, kamar yadda ya saba. Ka san shi in ya shiga wasa. Aka cafke shi gefen kara, inda ake sayar da shanu, ya durƙusa yana kuka, yana rantsuwa cewa shi ke nuna wa ɓarayin garken da za su kora da gidan da za su shiga. A da wurin nan dariya ake yi. Ran nan ba wanda ya yi dariya, har wani ya duƙa ya ɗauki dutse kafin a buga gangar. Da aka buga aka watse, na ɗauka shi ke nan. Ashe wani ya ɗauki wurin kukan kawai ya watsa, ba farko ba ƙarshe. Kafin Talata ya zagaye wayoyi har Ƙonni, an rubuta a ƙasa wai an kama ɗan rahoton 'yan bindiga a Illela.

Jiya da hantsi mutum huɗu suka zo bisa babura daga wani ƙauye bayan Tozai, inda aka kashe musu mutane da damina. Sun tarar da ni ƙofar gida, suna neman Bappa. Ba su ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na rantse musu wasa ne. Babbansu ya dube ni ya ce shi ɗansa aka kashe, kuma bai taɓa ganin mai wasa yana hawaye haka ba. Suka ce za su dawo. Mai unguwa da liman sun aika musu, har yanzu ba amsa.

Ga abin da nake roƙonka. Akwatin Baba yana wurinka, a ciki akwai kaset ɗin bidiyon da aka ɗauka shekarun baya, Bappa yana saurayi yana wannan kukan, jama'a suna dariya. Don Allah, don Annabi, ka bar duk abin da kake yi ka nemi mai juya shi zuwa waya, ka turo kafin Lahadi. Shi kaɗai ne shaidar da za su gani da idonsu.

Na ce kafin Lahadi don Bappa ya ƙi ɓuya. Mun roƙe shi ya tsallaka Ƙonni wurin ɗanshi Faruk, ya ce in ya gudu ya tabbatar musu. Wai ran Lahadi zai koma kasuwa ya yi wasan daga farko har ƙarshe, kuma da kanshi ya aika wa mutanen nan su zo su kalla. Inna ta yi kuka, na riƙe mishi riga, ya ce shekara arba'in bai taɓa barin wasa a tsakiya ba. Tsoho ɗan saba'in, Yaya! Ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Inna tana gaishe ka, Latifa da Lawwali ma haka. Ka gaishe mini da Haula, ka shafa kan su Uzair. Ku sa Bappa cikin addu'a. Ran Lahadi kada ka bar wayarka nesa da kai, in ka ga kirana ka ɗauka ko mi kake yi.

Ƙanwarka,
Ummul Khairi.