Ɗigo Uku a Takarda

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Sanyi ne dai a ɗakin na'urar hangen nesa, don ba a kunna hita a ciki, wai ɗumi yana ɓata hoto. Yatsuna sun ɗan tsattsage, amma da sauƙi, kada Inna ta ji. In an samu mai zuwa, a ba shi safar hannun da na manta a durowa.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa hutu. Wata tauraruwa mai wutsiya muke bi, kuma a kanta zan rubuta jarrabawa. Malamina ya ce in ta wuce, sai bayan shekara dubu huɗu. Aikin shi ne a ɗauki hotonta a ranaku uku daban-daban, a sa ɗigo uku a takarda, sai a lissafa inda ta nufa.

To Yaya, saƙonninki uku ne a gabana. A na farko Baba yana gaishe ni, har da tsokanar da ya saba. A na biyu kin ce yana hutawa. A na uku kin ba ni labarin kowa, har kyanwar maƙwabta, babu Baba a ciki.

Malam ya ce wani zai iya ɗaukar sauran hotunan. Don Allah ki gaya min gaskiya in sayi tikiti. Ita dai tauraruwar an san za ta dawo.

Ƙanwarki.