Cokalin Man da Inna Ke Zubawa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya idon Baba?

Saiwar agugun da Inna ta aiko ta iso, tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu da take dafa wa Baba saboda cikinsa. Har da kwalbar man shanu ta haɗo mini, wai kada in sha maganin haka nan, ɗaci gare shi. Ita dai gani take dafa shi zan yi in sha. Na shanya saiwar, na daka, na jiƙa, yanzu ina tacewa a dogon bututun gilashi don sinadaran su rabu ɗaya bayan ɗaya. Ki gaya mata maganinta ya shiga jami'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, Yaya, ga abin da na gano.

Na ware wani sinadari ruwan ɗorawa, ƙwayoyinsa ƙanana kamar gishiri. Na'ura ta nuna mana ko mene ne, sai shugaban ɗakin bincikenmu ya cire tabarau ya tambaye ni ko akwai mai shan wannan abu. Sinadarin yana kashe tsutsar ciki, gaskiya ne. Amma idan ya shiga jini yana cin jijiyar ido.

A ruwa da ƙyar yake narkewa, shi ya sa Kaka ta sha shi har ta tsufa tana zura zare a allura. A mai kuwa, nan take ya narke a gabana. Idan ya narke a mai, ya fi saurin shiga jini. Kaka ba ta taɓa sa mai ba. Inna ce ta fara, don tausayin yadda Baba ke yamutsa fuska. Mu kuma muna ta cewa tsufa ne ya sa yake laluben ƙofa.

Don Allah ki je gida yau, ki ɗauke saiwar, ki kai Baba wurin likitan ido. Kada ki gaya wa Inna dalili, ki bari in zo, da bakina za ta ji. Ban san ta inda zan fara ba. Kwalbar da ta aiko mini tana nan kan teburina, ta ɗaure bakinta da ƙyallen tsohon ɗankwalinta don kada ya zube a hanya.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta