Yadda Shafin Neman Gurbin Horo Ya Ci Mini Shekara

Zuwa ga Shugaban Sashen Horon Sanin Makamar Aiki na kwalejinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Malam, da fatan iyali da abokan aiki suna lafiya.

Ranka shi daɗe, sunana Rabi Usman, ɗalibar fannin lafiyar dabbobi, 'yar Tsamaye a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ina cikin waɗanda ba su samu gurbin horo bana ba, saboda haka sai baɗi za ni kammala karatu, in Allah ya kai mu. Na rubuto wa ofishinka ba a amsa ba, shi ya sa na kawo maganar fili. Ba jarrabawa na faɗi ba. Shafin yanar gizon da aka ce dole kowa ya nemi gurbi ta cikinsa ne ya tsayar da ni.

Na farko, an buɗe shafin muna hutu a gida, kuma wanda ya tsara shi ya ɗauka kowa na zaune inda sabis ke da ƙarfi. Da ka shiga, hotunan gine-ginen kwaleji da bidiyon jawabin maraba ne za su tare ka, sai sun gama buɗewa ka ga wurin rubuta suna. A garinmu sai an hau tudu ake samun sabis, wani lokaci ma wayar ta kama na Nijar. Kafin lambar sirrin da ake turowa ta iso, wa'adinta ya wuce. Ranar da na dace na shiga, na cike komai har wurin ɗora hoto, sai sabis ya ɗauke. Da ya dawo, shafin ya mayar da ni farko, ko sunana bai riƙe ba.

Na biyu, da na je Sabon Birni ranar kasuwa, inda sabis ya fi ƙarfi, na samu ganin guraben, babu yadda mutum zai ware fanninsa ko yankinsa. Bankuna da kamfanonin gini da gidajen rediyo duk a cakuɗe, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya data na ƙonewa. Na dabbobi da na tarar duk a Sakkwato suke ko gaba, kuma ba a faɗi ko akwai masauki ba. Mahaifina manomi ne, bai taɓa hana ni karatu ba. Da na nuna mishi, tambayarsa ɗaya: wurin wa za ki sauka? Shafin kuwa bai faɗa ba. Halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki kuwa Malam ya sani, ba a shiga mota don tambaya kawai.

Na uku ya fi nauyi. A garin Isa akwai likitan dabbobi mai zaman kansa, Malam Haruna, wanda makiyaya ke kawo wa shanu da awaki. Ya yarda ya ɗauke ni, ga gwaggona a garin da za ni zauna wurinta. Amma shafin ba shi da wurin da ɗalibi zai shigar da gurbin da ya samo da kansa. Lambar wayar da aka sa don neman taimako ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Da aka koma makaranta na zo ofis da amincewar likitan a rubuce. Ma'aikacin da na tarar ya saurare ni cikin mutunci, sannan ya ce an rufe shafin, kuma abin da ba ya cikin kwamfuta ba ya nan. Ban ga laifinsa ba, umarni aka ba shi.

Yanzu ina wurin Malam Haruna. Ina yin allurar rigakafi, ina wanke miki, na karɓi haihuwar saniya da hannuna. A wurin kwaleji duk wannan ba horo ba ne. Ba ni kaɗai ba ce kuma. Lawali, ɗan ajinmu daga Unguwar Lalle, shi ma haka ta faru da shi. Ya bi kawunsa fataucin kaya zuwa Nijar, ya ce mini ba zai dawo ba. Ya fi ni ƙoƙari a aji.

Roƙona shi ne a cire hotuna da bidiyo daga bakin shafin, a sa ya riƙa ajiye abin da aka rubuta, a tsawaita wa'adin lambar sirri. A ba mu damar nema bisa fanni da ƙaramar hukuma, a bayyana batun masauki, a buɗe hanyar shigar da gurbin da ɗalibi ya samo, ku tantance shi da kanku. A kuma duba ko za a lissafa mini aikin da nake yi a Isa. In ba zai yiwu ba, a faɗa mini a rubuce, in san inda na tsaya.

Kafin a sake buɗe shafin, a turo wanda ya tsara shi ya gwada shi daga nan. Zai samu masauki a gidanmu, zai ci tuwon gero, ni kuma za ni ara mishi wayata ya nemi gurbi ɗaya.

Allah shi ƙara wa Malam lafiya, shi taya shi riƙon amanar da ke wuyansa.

Wassalam.

Rabi Usman,
Tsamaye.