Jakar Hajjin Baba

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kunya ce dai.

Jakar da na aiko wa Baba don Hajji, biyu na saya a gwanjon kasuwar Chow Kit ta nan garin, ina taƙamar na yi wa mai shagon wayo. Jiya cikin jirgin ƙasa na LRT na ja wani mariƙi a tawa, sai ƙaton balan-balan ya kumburo a bayana, ya matse wata tsohuwa da ƙofa. Ashe ta masu sulu kan dusar ƙanƙara ce, don kada ta binne su in ta zaftaro.

Don Allah ki karɓe jakar Baba kafin ya hau jirgi. Ki ce zif ne ya lalace.

Ƙaninki,
Tajuddeen